Ɗana, Wa Kake Buga Wa?

Ɗana, labari ya iso mana nan Danko cewa ka shiga sahun masu buga golf a Kaduna, kuma duk ranar da aka ce gobe da manyanka za ka fita fili, barci ƙaurace wa idonka yake yi. Mahaifiyarka ta sha dariya, wai yaron da ya kwana a daji da bindiga a kafaɗa shi ne 'yar ƙwallon da za a rufe a tafin hannu take kaɗa wa hanji. Ni ban yi dariya ba. Na taka irin wannan fili lokacin ina cikin kaki, na ga mazaje masu taurari a kafaɗa hannunsu na karkarwa a kan sanda. Don haka ka zauna ka ji ni, kai da sauran 'yan'uwanka da aiki ya kai birane, maza da mata.

Nan garinmu babu filin golf, amma 'ya'yan ƙasar Zuru da yawa sun san shi, domin mu mutanen kaki ne, shi kuwa wannan wasa ya daɗe da samun gindin zama a wajen hafsoshi. Marigayi Sarkin Zuru, Muhammadu Sani Sami Gomo II, kansa Manjo Janar ne, ya kuma yi gwamnan soja a Bauchi. Turawan mulki da na haƙar kuza ne suka shigo da wasan Arewa. Filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, na Kaduna inda kake zuwa tun 1921, Kano da Zariya ma suna da tsofaffin filayensu, sai na IBB a Abuja da ya zo a 1991. Tun fil azal wasan manya aka ɗauke shi. Yaron da ya tashi a ƙauye yakan shiga ƙofar kulob yana jin kamar sai ya nuna shaidar cewa ya cancanci shiga, kuma tun kafin ya taɓa sanda rabin kayan da za su danne shi suna kansa.

Ka tuna dandalin kokawa lokacin bikin Uhola, bayan an kai amfanin gona gida. Saurayi na tsakiyar fage, ganga na tashi, dangi na zuga shi, 'yan mata na guɗa, watakila ma wadda yake yi wa golmo, wato noman neman aure, tana cikinsu. Shi ma gabansa faɗuwa yake yi, kada wani ya ce maka ba haka ba. Sai dai tsoron ɗan kokawa yana da inda zai zuba shi. Da an sarƙe, bugun zuciya ya koma ƙarfin damtse, abokin karawa na turowa kana turawa, babu sukunin tunanin wa ke kallo. Shi zuga amfani take yi masa. Mu da wannan tarbiyya muka tashi, cewa idan idanu suka taru a kanka, to ka ƙara ƙarfi.

Golf kuwa ba ya karɓar wannan. Ƙwallon tana zaune, ba ta gudu, ba ta ramawa. Ladabin wasan ya ce kowa ya yi tsit idan za ka buga, sai ka ji shirun ya fi kiɗa nauyi. Bugu ɗaya bai cika daƙiƙa biyu ba, zagayen ramuka 18 kuwa yakan ci awa huɗu. Ka lissafa da kanka: mai bugu 90 bai yi aikin minti huɗu da sanda ba, sauran lokacin duk tafiya ce da jira da saƙe-saƙe. A cikin waɗannan sa'o'i ne zuciya ke raya maka cewa oga ya ɗaure fuska, wane ya yi murmushin mugunta, gobe a ofis da kai za a karya kumallo.

Jiki kuma bai san bambancin ƙarar harsashi da idon oga ba. Da zuciya ta ce akwai hatsari, sai ya sako sinadarin da likitoci ke kira adirenalin. Numfashi ya gajarce, tafin hannu ya jiƙe, yatsu su shaƙe sanda, kafaɗu su hau sama. A fagen fama wannan shiri yakan ceci rai. A wajen bugun farko kuwa, shi ne ke sa ka fizgo sanda da gaggawa, ka miƙe tun ba ka taɓa ƙwallon ba don ka ga inda ta nufa, ita kuma ta gangara taki ashirin a ƙasa ta tsaya a gaban kowa. Ba ragwanci ba ne, ba kuma asiri aka yi maka ba. Jikinka ne ya ba da amsar da ya saba bayarwa, a wurin da ba a tambaye shi ba.

Akwai wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Sian Beilock, da ta yi gwaje-gwaje da masu golf. Ta gano cewa wanda hannunsa ya riga ya faɗa, idan ya koma yana bin kowace gaɓa ta bugunsa da tunani, lalacewa yake yi, idan kuwa aka ce ya buga ba tare da jan lokaci ba, sai ya fi dacewa. Kai ma ka san wannan daga fareti: sojan da ya fara tambayar kansa wace ƙafa ce hagu, shi ne ke ɓata layi. To abin da son burgewa ke jawowa ke nan. Saboda kana so bugun ya fito tsaf a idon mutane, sai ka sa wa hannunka ɗan sanda, shi kuma hannu da ya ga ana gadinsa sai ya manta abin da ya iya.

Ɓarnar ba a hannu kaɗai take tsayawa ba, har shawara takan shiga. Ramin farko ƙunci gare shi, bishiyoyi dama da hagu, hankali ya ce ka ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 5 ka ajiye ƙwallo a tsakiya. Amma mutum uku da suka riga ka duk doguwar sandar nan da ake ce wa direba suka zaro, sai ka ji kunya ta kama ka, kai ma ka zaro ta. Ko ƙwallonka ta faɗa bayan bishiya, maimakon ka turo ta gefe ka yi asarar bugu ɗaya, sai ka hango wata 'yar kafa tsakanin rassa, ka ce bari su ga abin mamaki. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Kafin ka zaro kowace sanda ka tambayi kanka: da ni kaɗai ne a filin nan, wannan zan ɗauka? Idan amsar a'a ce, ka mayar da ita jaka.

Har manyan duniya wannan zaɓi ya kayar. A 1999, a filin Carnoustie na Sikotilan, wani Bafaranshe mai suna Jean van de Velde ya iso ramin ƙarshe na babbar gasar Birtaniya yana gaba da bugu uku. Ramin na bugu huɗu ne, shi kuwa ko shida ya yi kofi nasa ne. Gajerun bugu marasa armashi da sun kai shi gida. Ya zaro direba, daga nan ya sake neman dogon bugu, ƙwallon ta daki rumfar 'yan kallo ta faɗa cikin doguwar ciyawa, daga ciyawa ta faɗa rafi. Duniya na kallonsa a talabijin ya tuɓe takalmi ya naɗe wando ya shiga ruwa. Da bakwai ya gama, aka je raba gardama, Paul Lawrie ya ɗauke kofin. A katin da ake rubuta sakamako babu gurbin da ake cike kyawun bugu ko nisansa. Lamba ɗaya ake sawa a kowane rami.

Yanzu bari in gaya maka abin da zai ɗan sosa maka rai, amma zai sauke maka kaya: mutanen nan ba kallonka suke yi ba kamar yadda kake zato. A jami'ar Cornell, wani malami Thomas Gilovich da abokan aikinsa sun sa ɗalibai riga mai hoton wani mawaƙi da matasa ke jin kunyar a gan su da shi, suka tura su ɗakin da 'yan'uwansu ke zaune. Masu rigar sun zaci wajen rabin ɗakin sun lura, ashe kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai. A 2000 aka buga wannan bincike, amma duk wanda ya daɗe a fili ya san haka tun kafin nan. Sa'ad da kake tsaye a kan ƙwallo kana jin idon Kanar a ƙeyarka, shi Kanar ɗin yana can yana tunanin yadda tasa ta karkace dama jiya, da yadda zai yi kada ta sake yi masa haka a gaban ƙaramin hafsa. Ka tambayi wanda kuka zaga tare makon jiya me ka buga a rami na bakwai. Ba zai tuna ba. Nasa kuwa zai ba ka labarinsa har ka gaji.

Akwai dai abin da suke lura da shi, kuma ba sa mantawa. Suna lura da mai jan ƙafa, wanda sai ya gwada lilon sanda sau biyar kafin ya buga, rana na dukan mutane. Dokokin da aka sabunta a 2019 sun ba ka minti uku na neman ƙwallon da ta ɓace, sun kuma so ka buga cikin daƙiƙa 40. Suna lura da mai jifa da sanda. Suna lura da mai uzuri, wanda kowane bugu sai ya bi shi da bayani: bayana ne ke ciwo, sandar ta aro ce, iska ce ta juya. Suna lura da yadda kake yi wa mai ɗaukar jakarka magana bayan ka ɓata bugu, wannan kuwa ni a wurina ya fi komai nuna ɗan gidan da aka fito. Sannan suna lura ƙwarai da mai mantuwa wajen ƙirga, wanda bakwai ɗinsa kullum shida take zama. Ban taɓa jin an daina gayyatar mutum fili don bai iya ba. Don waɗannan ake dainawa, kuma ba wanda zai gaya maka dalili.

Wasan nan ba shi da alƙalin da ke bin kowa da usur, kai ne mai hukunta kanka. A gasar Amurka ta 1925, Bobby Jones ya ce ƙwallonsa ta motsa lokacin da yake shirin bugu, alhali ba wanda ya gani, ya ɗora wa kansa tarar bugu ɗaya. A ƙarshe kunnen doki aka yi, ya sha kashi a raba gardama. Shekara ɗari ke nan, masu golf ba su daina ba da wannan labari ba.

Wannan ya kawo ni kan handikaf, wato rangwamen bugu da ake ba kowa gwargwadon ƙarfinsa. Tsarin da duniya ta haɗu a kai tun 2020 yana duba zagaye 20 na ƙarshe da ka yi, ya ɗauki takwas mafi kyau ya fitar maka da lamba, kuma lambar tana iya kaiwa har 54. Ka ga an yi tanadi domin sabon shiga ya kara da gwani ba tare da kowa ya ji kunya ba. Amma sai ka ga saurayi ƙarfinsa na 24 ne, an tambaye shi a teburin shayi ya ce 14, don kada a raina shi. Daga ranar ya ɗaura wa kansa bashin bugu goma a kowane zagaye, kuma kowace Asabar sai ya fito ya kare ƙaryar da ya yi. Yaya barci zai zo masa? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mafi yawan fargabar da na gani a fili a nan take tsirowa, tsakanin wanda mutum yake da wanda ya ce shi ne. Ka faɗi lambarka ta gaskiya da bakinka tun a ramin farko, ka ƙara da cewa har yanzu koyo kake yi. Daga nan duk bugun da ya lalace ba abin fallasa ba ne, wanda ya yi kyau kuma riba ce.

Haka batun kaya. Doka ta yarda da sanduna 14, ba ta ce dole sai ka cika su ba. Bakwai na hannu sun ishe ka shekara biyu. Kada in ji ka ci bashi ka sayi jaka mai walƙiya da takalmin da albashinka bai kai ba, ga ƙannenka a makaranta, ga halin da mutanenmu na Danko da Wasagu ke ciki na rashin tsaro, gonaki da yawa ba a nome su ba. Tsadar sanda ma ƙara maka nauyi take yi, don duk wanda ya ga kayan gwani a hannunka bugun gwani zai jira. Caca kuma ka bar ta gaba ɗaya, ko an ce ta lemo ce kawai. Idan ka ce ba ka yi, sau ɗaya za a tsokane ka a wuce wurin.

Idan da ogan naka kuka fita, abu biyu nake ja maka kunne a kai. Kada ka yi ta ƙoƙarin wuce shi a nisa don ya san kana nan, kada kuma ka zubar da wasa da gangan don ka faranta masa. Wanda ya shekara ashirin yana wannan wasa ya san bugun da aka ɓata da niyya, kuma abin da zai ɗauka shi ne yaron nan yakan gaya wa babba abin da yake son ji. Hafsan da aka yi wa wannan shaida ya yi asarar da ta fi ta kofi. Ka buga naka, ka yaba nasa idan ya yi kyau, ka yi shiru idan bai yi ba. Malamai a masallaci da masu wa'azi a coci duk sun yi mana kashedi da aikin ganin ido. Ibada suke nufi, amma ciwon iri ɗaya ne ko a ina ya kama mutum.

To me za ka yi idan sunanka aka kira, gabanka na dukan uku-uku? Kada ka ce sai fargabar ta tafi za ka buga, ba ta tafiya, ana bugawa ne tana nan. Ka tsaya bayan ƙwallon ka zaɓi wuri ɗaya ƙarami, reshe guda ko wani tabo a ciyawa, ba faɗin fili duka ba. Ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali har fitarsa ta fi shigarsa tsawo, wannan yana rage gudun zuciya. Ka matse sandar da ƙarfi sau ɗaya sannan ka sassauta, domin hannu ya tuna yadda sassauci yake. Gwaji ɗaya, ka matsa, ka dubi wurin da ka zaɓa, ka buga. Tsarin nan kada ya canza, ko kai kaɗai ne da asuba ko gaban Janar ne ranar gasa. Tunani ɗaya tak za ka shiga da shi, misali ka kai lilon ƙarshensa. Gyaran gwiwar hannu da na kafaɗa na ranar atisaye ne.

Atisayen ma ka sa masa ɗan gishirin tsoro. Ka jera ƙwallo taki ɗaya daga rami, ka ce sai ka zura goma a jere, idan ka kuskure ko a ta tara ce ka koma farko. Za ka ji hannunka ya fara nauyi a ta takwas, to wannan nauyin kake nema ka saba da shi. Ka kuma riƙa kallon masu ɗaukar jaka da yamma idan manya sun watse, sun ari sanda ɗaya suna bugawa da silifa. Lilonsu ya fi na iyayen gidansu laushi nesa ba kusa ba, kuma da yawa daga ƙwararrun 'yan golf na Najeriya daga cikinsu suka fito. A zamaninmu, lokacin da yawancin filayen Arewa yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai a bakin rami maimakon ciyawa, su ne suka san yadda ƙwallo ke gudu a kai. Ka nemi shawararsu da ladabi, ka kuma biya su haƙƙinsu cikakke.

Ranar da abin zai watse kuwa tana nan tafe, ba makawa. Greg Norman ya shiga ranar ƙarshe ta gasar Masters ta 1996 yana gaba da bugu shida, ya yi 78, Nick Faldo ya yi 67 ya wuce shi da biyar. Rory McIlroy yana ɗan shekara 21 ya shiga ranar ƙarshe ta wannan gasa a 2011 da ratar bugu huɗu, ya yi 80, miliyoyin mutane na kallo. Bayan wata biyu ya lashe babbar gasar Amurka da ratar bugu takwas. Ita Masters ɗin kuwa sai a 2025 ta zo hannunsa, bayan shekara 14 ana yi masa tambaya ɗaya duk inda ya shiga. Waɗannan da wasan suke ci suke sha. Kai da kake fita ranar hutu don ka motsa jini, idan ka yi tara a rami ɗaya, ka rubuta tara, ka miƙa sanda, ka tafi na gaba. Idan irin gasar da ake ƙirga maki ce, wadda ake kira Stableford, da ka ga ramin ya fi ƙarfinka ka ɗauke ƙwallonka kada ka tsayar da mutane, an yarda da haka.

Nan da 'yan shekaru, in Allah ya kai mu, kai ne za ka zama babba a cikin huɗun da suka fita, wani yaro kuma zai tsaya gabanka yatsunsa sun yi fari a kan sanda. Kada ka tsaya masa a ka, kada ka fara koya masa riƙo a nan take. Ka juya kana laluben wani abu a jakarka har ya buga. Idan ta gangara a ƙasa, ka ce masa ta dai yi gaba, ku kama hanya, ka tambaye shi mutanen gida.